Kafin ka taɓa garmahon gado

Jama'a, duk wanda ya gāji tsohon garmaho, kada ya yi gaggawar yi masa fenti ko kankare shi. Ta nan ake goge shaidar asalinsa.

Fara da ɗaga murfin. Kusa da inda ake ɗora faifai galibi akwai ɗan farantin ƙarfe mai sunan kamfani, samfuri da lamba. A na kamfanin Victor na Amurka za ka ga irin su VV-XI, sai lamba ta biyo. Da ita masu tara kayan da suke gano shekarar ƙira. A kula dai, shekarar da ke jikin rubutun mallakar fasaha ba ita ce ta ƙira ba, na'urar bayanta ta fito.

In naka mulmulallen gwangwani yake juyawa, ba faifai ba, tsarin Thomas Edison ne, mai ƙirƙire-ƙirƙire ɗan Amurka, tsarin da ya faro a 1877.

Hoton kare mai sauraron ƙahon garmaho kuwa, wato tambarin da ake gani jikin irin na Victor, bai isa hujjar cewa naka na asali ne ba. Jabu sun yi yawa, masu ƙahon tagulla sai ƙyalli, cikin kuma injin wata na'urar aka dasa. Ɗauki hoton injin da farantin, ka nuna wa masana. In za ka kunna, sabuwar allura ga kowace fuskar faifai.