Yadda Ake Koya Wa Ɗalibai Siffofin Labarin Jarida Ta Hanyar Tace Bidiyo

Na daɗe ina rubuta wa ɗalibai tambayoyin nan shida a allo: wa, me, ina, yaushe, me ya sa, ta yaya. Su haddace tsaf, amma ka ce su rubuto labari sai su kawo maka tatsuniya. Abin bai zauna musu ba sai da suka fara yanka bidiyo da hannunsu.

Raba su huɗu-huɗu, waya ɗaya ta ishi kowane rukuni. Manhajojin tace bidiyo na CapCut ko InShot duk za su yi, kuma kada ka kashe kuɗi, yanka da jera hotuna da ɗora rubutu duk suna cikin na kyauta. Kada ka tura su ɗaukar hoto a darasin farko, a waje lokacin zai ƙare. Kai ka ɗauko guntaye goma na abu ɗaya, misali gasar muhawara a makaranta, ka ba kowane rukuni iri ɗaya. Aikinsu su haɗa labari mai daƙiƙa 60.

Ga inda ake faɗuwa. Kusan kowane rukuni zai jera hotunan yadda abin ya faru: ana jera kujeru, baƙi na shigowa, shugaban makaranta na jawabi, sai can a daƙiƙa ta 55 a ji wanda ya yi nasara. Kada ka gyara musu tukuna. Kunna bidiyon, ka tsayar da shi a daƙiƙa ta goma, ka tambayi ajin: "Me ya faru?" Za a yi shiru. Wannan shirun shi ne darasin.

Daga nan ka zana musu dala a kife, faɗi a sama, tsini a ƙasa: mafi muhimmanci a farko, ƙarin bayani ya biyo, abin da za a iya rasawa ya zo ƙarshe. A jaridar takarda, idan shafi ya cika, edita daga ƙasa yake datse labari, shi ya sa ake zuba naman a sama. Su koma su jawo sanarwar nasarar zuwa farko. Sai ka datse daƙiƙa 20 na ƙarshe a gabansu. Idan labarin ya tsaya da ƙafarsa, sun gane. Idan ya rushe, su sake. Wani rukunin sai ya sake sau uku, ka bar shi.

Kiɗa da kwalliyar sauya hoto kuwa, na haramta su gaba ɗaya. Da zarar ka bari, rabin sa'a za su yi suna zaɓen kiɗa.

Sauran ba wuya. Duk wanda ya yi magana a sa sunansa da matsayinsa a ƙasan allo, ma'anar majiya ke nan. A ji ta bakin wanda ya ci da wanda ya faɗi. Mai karanta labarin kada ya ce "abin ya burge", wannan ra'ayi ne, a bar wa waɗanda aka yi hira da su. Kanun labari a ƙarshe ake rubuta shi, gajere, da aikatau a ciki.

Washegari ka karɓe wayoyin, kowa ya rubuta labarin a takarda bisa jerin da rukuninsa ya yi a bidiyon.