Kallon labaran gida a kwamfuta: abin da sabon zuwa Turai yake buƙata

Ɗan'uwa, idan ka samu ɗaki, an haɗa maka intanet, kuma kana ɗokin ganin abin da ke faruwa a Kano ko Damagaram, kada ka kashe ko sisi wajen sayen manhajar kallon bidiyo. Burauzar da ke kan kwamfutarka, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ta wadatar: Chrome, Firefox, Edge, ko Safari ga masu kwamfutar Apple. Duka kyauta ne, kuma da kansu suke buɗe bidiyon BBC Hausa, DW, RFI, TRT Afrika da tashoshinmu na gida da ke YouTube da Facebook.

Waɗanda suka daɗe a nan za su iya ce maka sai ka sa Flash ko RealPlayer, tsofaffin manhajojin buɗe bidiyo. A zamaninsu haka ne. Amma kamfanin Adobe ya yi sallama da Flash tun ranar 31 ga Disamba, 2020. Saboda haka duk shafin da ya turo maka sanarwa cewa sai ka sauke Flash ko wata "sabuwar manhaja" kafin bidiyo ya buɗe, tarko ne. Rufe shi kawai. Ta wannan hanyar ake cusa wa mutum ƙwayar cutar da ke kwashe lambobin sirrinsa, kuma a nan komai naka yana cikin kwamfuta, daga banki har takardun zama.

Idan bidiyo ya ƙi tashi, ka fara da sabunta burauzar. Matsalar ta fi yawa a tsofaffin kwamfutocin da muke saya na hannu don araha. Mai ɗauke da Windows 7 ta daina samun sabon Chrome tun farkon 2023, Windows 10 ma Microsoft ta janye mata tallafin yau da kullum a watan Oktoba na 2025. Ka tambayi wace Windows ce a kan kwamfutar kafin ka miƙa kuɗi. Manhaja ɗaya da nake ganin ta cancanci saukewa ita ce VLC, don buɗe bidiyon da aka turo maka daga gida. Ita ma kyauta ce, amma daga shafin masu ita, VideoLAN, za ka ɗauko.

Inda baƙo ya fi faɗawa rami shi ne doka. A Birtaniya, kallon duk wata tashar talabijin kai tsaye yana buƙatar lasisi, ko a kwamfuta ne, ko da tashar ta ƙasar waje ce. Haka ma BBC iPlayer, shafin kallon shirye-shiryen BBC a intanet, tun daga 2016. Kuɗin lasisin ya haura fam 170 a shekara, tarar rashinsa kuwa tana iya kaiwa fam 1,000. Bidiyon da aka riga aka ɗora a YouTube ba ya cikin wannan. Jamus ta fi tsauri: kowane gida yana biyan harajin rediyo da talabijin na yuro 18.36 a wata, ka kalla ko kar ka kalla, kuma wasiƙar neman kuɗin za ta same ka jim kaɗan bayan ka yi rajistar adireshinka. Kada ka tura ta ƙarƙashin katifa, bashi ne yake taruwa. Idan kuna zaune da wasu a gida ɗaya, mutum ɗaya ne zai biya, sai ku raba. Faransa kuwa ta soke nata harajin a 2022.

Wani lokaci za ka ga an rubuta cewa ba a nuna wannan bidiyo a ƙasar da kake. Kwamfutarka lafiya lau take, haƙƙin nunawa ne bai kai nan ba. Abokai za su ce ka sa VPN, manhajar da ke nuna kamar kana wata ƙasa. Ni dai ban yarda da na kyauta ba, don duk abin da ka buɗe ta hannun masu shi yake bi. Manhajojin torrent kuwa, waɗanda ake musayar fina-finai da su a intanet, ka yi nesa da su, musamman a Jamus, inda lauyoyin masu fina-finai ke aiko wa mai layin intanet wasiƙar neman diyyar ɗaruruwan yuro. Idan layin na wanda ya sauke ka ne, a kansa za ta faɗa.