Yadda za ku bi da yaron da ciwon huhunsa ya ƙi jin magani

Akwai yaron da za a ba shi maganin nimoniya, a koma na asma, har a gwada na tarin fuka, amma numfashi na nan sama-sama, jiki ba ya ƙaruwa. Wani lokaci matsalar tana cikin naman huhun ne kansa: bangon 'yan jakunkunan iska ya kumbura ko ya yi kauri, iskar oksijin ba ta ratsawa cikin jini sosai. Ciwon ba shi da yawa a yara, ba a ɗaukarsa daga wani, kuma a wasu yaran ko an gama bincike ba a gano sanadinsa.

Ku fara da ƙirga numfashi. Lokacin da yaro ya natsu ko yake barci, ku ɗaga rigarsa, ku ƙirga tashin ƙirji na minti ɗaya cif. Jaririn da bai kai wata 2 ba, 60 ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa shekara, 50. Daga shekara 1 zuwa 5 kuwa, 40. Ku rubuta kullum a littafi, haɗe da sunan duk maganin da ya sha. Wallahi wannan ɗan littafin yakan fi dogon bayani amfani a gaban likita. Ku kuma lura ko ƙasan haƙarƙari na lotsawa, ko kan yatsu ya yi kumburi kamar sandar ganga.

Daga nan ku bar zaryar kemis. Ku nemi a tura ku wurin likitan yara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Za a fara kawar da zaton tarin fuka, ciwon zuciya da sikila, a auna oksijin a yatsa, a ɗauki hoton ƙirji, galibi har da na CT, wato hoton na'ura mai nuna cikin huhu dalla-dalla. Kada ku ɓoye komai: in auren zumunci ne, in an taɓa rasa jariri da irin wannan numfashi, ku faɗa, domin wasu nau'o'in na gado ne. In kuna kiwon tattabaru ma ku faɗa. Ƙurar gashinsu da kashinsu na iya kumbura huhu.

A gida, a raba shi da hayaƙin murhu, turaren wuta, taba da maganin sauro na kunnawa. In hunturu ya shigo Sakkwato da hazonsa, a rage masa fita, a yayyafa ruwa kafin shara. Yaron nan yana ƙona ƙarfinsa wajen numfashi, don haka a ba shi abinci kaɗan-kaɗan, sau da yawa, a cika masa allurar riga-kafi.

In likita ya ɗora shi kan firednisolon, maganin rage kumburi, kada a tsayar farat ɗaya don an ga sauƙi. A hankali ake rage shi. In kuwa leɓe ya yi shuɗi, ko ya kasa shan nono, ko yana nishi, ku ɗauke shi zuwa asibiti ko da tsakar dare ne.