Yadda ake gano matsalar haɗuwa da Single Sign-On yayin girka vCenter Server

Daga cikin abubuwan da suka fi tsayar da aikin girka vCenter Server, wato manhajar kamfanin VMware da ake kula da sabobin ESXi (sabobin da ke ɗaukar injinan kwaikwayo) da injinan kwaikwayon da ke kansu da ita, akwai saƙon da yake fitowa ana tsakar aiki cewa an kasa haɗuwa da Single Sign-On, wanda ake taƙaitawa da SSO. Da yawa daga masu kula da sabobi da zarar sun ga wannan saƙo sai su goge komai su sake farawa, sai kuma aikin ya ƙara tsayawa a daidai inda ya tsaya da farko. Hakan na faruwa ne saboda a mafi yawan lokuta laifin ba na SSO ba ne, yana can wajensa: ko dai suna bai fassaru ba, ko agogo ya saɓa, ko hanya a toshe take, ko takardar shaida ta daina aiki. Muddin ba a gyara waɗannan ba, sake girkawa ɓata lokaci ne kawai.

Yana da kyau a fara sanin abin da ake ƙoƙarin haɗuwa da shi. An shigo da SSO ne a siga ta 5.1 ta vSphere, wato tarin manhajojin VMware da ya ƙunshi ESXi da vCenter, a shekarar 2012, domin ya zama wuri guda da ake tantance kowa da kowa. A cikinsa akwai sashen da yake ba da tikitin shiga mai ƙayyadadden lokaci, wanda ake kira STS, akwai kuma Lookup Service, wanda shi ne rajistar da kowane sashe na vCenter yake rubuta adireshinsa a ciki don sauran su same shi. Daga 5.5 aka ba SSO kundin masu amfani nasa na kansa, aka kuma mayar da babban asusun daga admin@System-Domain zuwa administrator@vsphere.local. A 6.0, a 2015, an haɗa shi cikin Platform Services Controller, sannan a 7.0, a 2020, aka daina raba wannan sashe daban, aka kuma daina fitar da vCenter na Windows baki ɗaya. Sanin sigar da ake riƙe da ita yana da muhimmanci, domin ƙofofin sadarwa da sunayen asusu sun bambanta daga wannan siga zuwa waccan.

Abin da za a fara dubawa shi ne suna, kuma a nan ne ya kamata a fi ɗaukar lokaci. vCenter yana rubuta cikakken sunansa a cikin takardun shaidarsa da cikin rajistar Lookup Service tun ranar girkawa, don haka dole ne sabar DNS ta iya mayar da wannan suna zuwa adireshin IP, ta kuma iya mayar da adireshin zuwa sunan. Mutane sukan ƙirƙiri rikodin A, mai mayar da suna zuwa adireshi, su manta da rikodin PTR, mai mayar da adireshi zuwa suna, alhali rashin na biyun kaɗai ya isa ya karya mataki na biyu na girkawa, wato matakin da ake saita SSO bayan an ɗora injin. A gwada umarnin nslookup da sunan, sannan a sake gwada shi da adireshin, a tabbata amsoshin biyu sun koma wa juna ba tare da bambancin ko da harafi ɗaya ba. Bai isa a yi gwajin daga kwamfutar da ake gudanar da manhajar girkawa kaɗai ba, domin ita tana iya samun amsa daga wata sabar DNS dabam ko daga fayil ɗin hosts da wani ya taɓa gyarawa ya manta. Dole a shiga sabon injin vCenter ɗin kansa a yi gwajin daga can, kuma idan ana haɗa shi da wani vCenter da yake aiki tun da, a yi gwajin daga wancan ma, ta yadda kowanne zai ga ɗan'uwansa da suna. A ƙananan ofisoshi ana yawan samun sabar DNS ɗin ita ma injin kwaikwayo ce a kan sabar ESXi ɗin da ake aiki a kanta, saboda haka a tabbata a kunne take kafin a fara. Wanda ba shi da DNS kwata-kwata zai iya amfani da adireshin IP tsayayye a matsayin sunan injin, amma a ganina wannan ya dace da wurin gwaji ne kawai, domin kafin 6.7 Update 3 ba a iya canza wannan suna bayan girkawa, kuma ko a yanzu canza shi aiki ne mai taɓa takardun shaida.

Akwai wani kuskuren suna da ya bambanta da wannan. Manhajar girkawa tana tambayar sunan yankin SSO, wanda a al'ada ake barinsa vsphere.local, sai wasu su rubuta sunan yankinsu na Active Directory, wato kundin asusun masu amfani na Microsoft, a wurin suna ganin shi ake nufi. Bai kamata sunayen biyu su zama ɗaya ba, domin daga baya ba za a iya ƙara Active Directory a matsayin wurin tantancewa ba, kuma gyaran yana iya kaiwa ga sake girkawa.

Bayan suna sai agogo. Kowane tikitin da STS ya bayar yana ɗauke da lokacin da zai fara aiki da lokacin da zai ƙare, kuma SSO yana yafe saɓanin da bai wuce minti 10 ba a tsarinsa na asali, yayin da Kerberos, tsarin tantancewar da Active Directory yake dogara da shi, yake yafe minti 5 kacal. Idan agogon sabon injin ya yi gaba ko ya yi baya fiye da haka, sai a ƙi karɓar tikitin da aka bayar yanzu-yanzu, a ce ya ƙare ko bai fara aiki ba tukuna, kuma saƙon da zai fito wa mai girkawa ba lallai ya ambaci lokaci ba. Tun da aka raba girkawa gida biyu a 6.5, sabon injin yana ɗaukar lokacinsa na farko ne daga sabar ESXi da aka ɗora shi a kai, sannan a mataki na biyu ya koma wa sabar NTP, wato sabar daidaita agogo, idan an zaɓa masa ita. Idan waɗannan biyu ba su yi daidai ba, agogon zai yi tsalle ana cikin ƙirƙirar takardun shaida, aikin ya watse. A nan akwai abin da ya shafi masu aiki a Nijeriya da Nijar musamman: ESXi yana tafiya ne a kan lokacin UTC, wato lokacin GMT, mu kuwa muna gaba da shi da awa ɗaya, don haka duk wanda ya saita agogon sabar da hannu yana duba agogon hannunsa zai iya jawo saɓanin awa guda bai sani ba. Haka kuma tsohuwar sabar da ƙaramin batirin allonta ya mutu takan rasa lokacinta duk sa'ad da aka ɗauke wuta. Maganin shi ne a saita NTP a kan ESXi tun kafin a fara, a ba vCenter da ESXi da sabobin Active Directory tushen lokaci guda, a tabbata ƙofar UDP 123 a buɗe take, sannan a buga umarnin date a kowane inji a kwatanta.

Idan suna da agogo sun yi daidai, sai a duba hanya. A sigogin 5.1 da 5.5 ana samun Lookup Service ne ta ƙofa 7444, a adireshin da ya ƙare da /lookupservice/sdk, kuma kuskuren da ya fi shahara a lokacin, mai lamba 29102, yana cewa ne an kasa isa gare shi. Daga 6.0 zirga-zirgar ta koma ta ƙofa 443, yayin da haɗa vCenter biyu a yanki ɗaya yake buƙatar ƙarin ƙofofi irin su 389 da 636 da 2012. Amsa ping ba hujja ba ce cewa hanya a buɗe take, domin katangar tsaro tana iya barin ping ya wuce ta toshe ƙofar da ake buƙata. A yi amfani da curl ko openssl s_client daga sabon injin zuwa ainihin ƙofar. Na biyun ya fi amfani, domin yana nuna takardar shaidar da ɗaya ɓangaren ya miƙo, inda za a ga sunan da ke cikinta da ranar ƙarewarta, a kuma gane ko wata na'urar tsaro da ke tsakani ta musanya ta da tata.

Batun takardar shaida ya fi shafar wanda yake ɗaukaka siga ko yake haɗa sabon vCenter da tsoho. Akwai sigogin 6.5 da 6.7 da takardar sa hannun STS ɗinsu take da wa'adin shekara 2 kacal, kuma ba ita ce takardar da burauza take nunawa ba, saboda haka tana iya ƙarewa ba wanda ya lura. VMware, wanda ya koma hannun Broadcom a watan Nuwamba na 2023, ya fitar da ƙaramar manhaja mai suna checksts.py don duba ranar ƙarewarta, da fixsts.sh don sabunta ta. A duba tsohon injin da checksts.py kafin a taɓa sabon, a kuma buga service-control --status --all a kansa a ga ko dukkan sassansa suna gudana.

Kalmar sirri ba ta buƙatar dogon bayani. Ta administrator@vsphere.local tana tsakanin haruffa 8 zuwa 20, kuma a sigogin 5 wasu alamomi kamar waƙafi mai ɗigo da alamar zance da karkatacciyar sanda mai komawa baya suna karya girkawa ko da manhajar ta karɓe su da farko. Wanda har yanzu yake fama da 5.1 ya tuna cewa SSO na wannan siga yana buƙatar rumbun bayanai mai asusun RSA_DBA da RSA_USER, kuma SQL Server ya yarda da shiga ta asusun SQL, yana sauraro a ƙofa tsayayya kamar 1433.

Duk lokacin da aikin ya tsaya, kada a goge injin kafin a karanta kundin bayanansa, domin shi ne zai faɗi sashen da ya faɗi. A sigogin yanzu ana shiga ta SSH a buɗe /var/log/firstboot, inda fayil ɗin firstbootStatus.json yake nuna matakin da ya gaza, sai a buɗe fayil mai sunan wannan mataki a nemi kuskuren farko, ba na ƙarshe ba, domin na bayansa galibi sakamakonsa ne. Bayanan SSO kansa suna /var/log/vmware/sso, a Windows kuwa ana samun vminst.log a jakar fayilolin wucin gadi ta mai girkawa.

Mataki na biyu idan ya lalace ba a iya maimaita shi a kan injin guda, shi ya sa nake ba da shawarar a dakata bayan mataki na farko, a ɗauki hoton halin da injin yake ciki, sannan a ci gaba ta burauza a ƙofa 5480. Idan kuwa yunƙurin haɗuwa da wani vCenter ne ya gaza, mai yiwuwa ya bar sunan sabon injin a rajistar tsohon, wanda hakan zai hana yunƙuri na gaba da wannan suna. A duba jerin sabobin yankin da vdcrepadmin, a cire ragowar da cmsso-util unregister, amma kafin a yi haka a kashe dukkan injinan vCenter da ke yankin a ɗauki hotonsu a lokaci guda, domin kundinsu yana kwafar juna, kuma mayar da ɗaya baya shi kaɗai yana raba su.