Yadda Ake Shawo Kan Faɗa da Haɗuwar Mace da Namiji a Kiwon Kifin Diskas

Kifin diskas, wannan mai faɗi kamar faifai da ake kiwo a akwatin gilashi don ado, asalinsa daga kogin Amazon ne da rassansa a Brazil, Peru da Kolombiya. A ido salihi ne, yana shawagi a nitse, amma dangin karfasa ne, kuma halin gidansu ɗaya: kowa na so a san matsayinsa, in lokacin ƙwai ya zo kuwa ba sani ba sabo. Don haka kora da tunkuɗa sai ka gan su. Aikinka shi ne ka gane wace iri ce kafin ka ɗauki koma.

Da farko, zauna ka kalla

Ja kujera ɗan nesa da akwatin, domin in ka matso sai su bar abin da suke yi su taru jiran abinci. Zuba musu, ka koma ka zauna.

In babban ya zaburo ya tunkuɗi wani da baki, ya bi shi ɗan taƙi ya dawo, amma a ƙarshe kowa ya ci ya ƙoshi, wannan rabon girma ne kawai. Ƙyale su. Sa hannu a nan ƙara dagula zama yake yi.

Cin zali daban yake. Kifi ɗaya ake bi kullum. Za ka same shi maƙale bayan hita ko a kusurwar sama, jikinsa ya yi duhu, ratsin da ke tsaye a jikinsa sun fito ɓaro-ɓaro, fiffikensa a tsuke, abinci na wucewa ta gabansa ba ya ko motsi. In har goshinsa ya fara lotsawa, yunwa ta jima tana cinsa.

Iri na uku shi ne kifi biyu su haɗa kai su kori kowa daga kusurwa guda. Wannan za mu dawo kansa.

Na biyu, duba ruwa da lafiya

Diskas na son ruwa mai ɗumi, digiri 28 zuwa 30, mai tsabta ƙwarai. Ruwan da ya yi datti, ko ya huce saboda an ɗauke wuta cikin daren hunturu, yana raunana ƙananan, raunanne kuwa shi ake fara bi. Canja wani kaso na ruwan da sabo mai ɗumi ɗaya wanda ba kulorin (sinadarin da ake sa wa ruwan famfo) a ciki. Lura da kashin wanda ake kora: in fari ne mai ja kamar zare, wataƙila ciwon ciki ne ya kayar da shi, sai a ware shi a yi masa magani.

Na uku, ƙirga kifinka

Nan mafi yawan matsalar take. Mutum ya sayi uku saboda tsada, babba ya danne na tsakiya, su biyun su taru a kan ƙaramin. In sun kai shida ko fiye, faɗan na rarrabuwa, ba wanda ke shan duka shi kaɗai. Kowane babba na buƙatar kusan lita 40, ke nan shida sai akwatin lita 240 ko sama. A ganina wanda ba shi da halin wannan gara ya dakata da sayen diskas tukuna. In za ka ƙara, nemo masu girma ɗaya da na gida, ka killace su a wani akwati kamar wata guda, sannan ka zuba su tare, ba ɗaya bayan ɗaya ba.

Na huɗu, rikita wa azzalumin iyaka

Zuba abinci a wurare biyu ko uku masu nisa da juna, azzalumin ba zai iya tsare su duka ba. Sauya wa itace da tsirrai wuri, ka tsayar da wasu a tsakiya yadda wanda aka koro zai ɓace wa ido, sannan ka kashe fitila har gari ya waye.

Na biyar, raba su

In duk wannan bai yi ba, sa shinge mai ramuka a tsakiya, ko ka fitar da mai cin zalin zuwa wani akwati na kamar mako guda. Sau da yawa yakan dawo da sanyin jiki. Sai dai kada ka yi mamaki in na biye da shi ya hau kujerar tun kafin ruwa ya lafa. Wanda aka zalunta kuwa, in ya daina ci, shi za ka fara cirewa ya murmure, domin mayar da shi da rama sake miƙa shi ne.

Na shida, in mace da namiji ne suka haɗu

Wajen shekara guda da haihuwa suke fara wannan. Za ka ga biyu suna tsayawa gefe da gefe, suna karkaɗa jiki, suna sunkuyar wa juna kai, sannan su duƙufa goge wani abu mai tsaye da baki: jikin gilashi, bututun matata, ko faffaɗan ganye. Sauran kifin duk sun tattare a ɗaya gefen. Su kansu ma'auratan sukan kama bakin juna su yi ta ja, ba abin tsoro ba ne muddin ba rauni.

In ba ka son 'ya'ya kuma akwatin babba ne, bar su. Ƙwan za a cinye, zama ya lafa, bayan 'yan kwanaki su sake. In kana so, mayar da su akwatin kamar lita 100 marar yashi, da matatar soso da tukunyar ƙasa da aka kife don su yi ƙwai a jikinta.

Kada ka yi saurin murna. Mata biyu ma sukan haɗu su yi ƙwai, ƙwan ya yi fari fat bai ƙyanƙyashe ba. Shaida ita ce ka ga macen ta jera ƙwai, ɗayan ya bi bayanta ya shafe layin, sannan cikin kwana biyu zuwa uku 'yan wutsiyoyi su fara motsi. Sababbin iyaye sukan cinye ƙwan farko da na biyu, haƙuri ake yi. Bayan wasu kwana biyu ko uku 'ya'yan za su tashi su manne a jikin iyayen, suna cin yauƙin da fatarsu ke fitarwa, uwa da uba na karɓa-karɓa. In ɗaya ya fara dukan ɗaya a kan reno, cire wanda ake duka, guda ma ya isa. Bayan mako biyu zuwa uku, da zarar 'ya'yan sun iya cin abincin da kake zuba musu, kwashe su, don kada su saɓule wa iyayen fata.