Koyon ƙwallon tebur da kanka: inda aka fi yin tuntuɓe

Na haura shekara arba'in kafin in fara riƙe bat, a wani tebur da ke ƙarƙashin rumfa a wajajen Ƙofar Kaura a Katsina. Ban yi minti biyar da tsayawa ba mutum uku suka gyara mini riƙo. Wannan ya ce in ɗaga gwiwar hannu, wancan ya ce in sauke ta, na ukun ya taso ya kama wuyan hannuna ya murɗa, ko tambayata bai yi ba. Da zuciya ɗaya suka yi, na sani. Amma na koma gida a ruɗe, sai da na yi sati biyu ban sake leƙa wurin ba. Mutane da yawa daga nan suke barin wasan, shi ya sa abin yake damuna.

Babban kuskure shi ne ka ce sai ka faranta wa kowa a wasa ɗaya. Hannu ba ya koyon abu uku lokaci guda. Ɗauki misalin riƙo. Iri biyu ne sanannu: na musabaha, kamar kana gaisawa da mariƙin bat, da na alƙalami wanda aka fi sanin 'yan Sin da Koriya da Japan da shi. Da kowannensu an ci gasar duniya. Zaɓi wanda ya zauna maka a hannu, ka ba shi wata uku, kada ka sauya don wani a kan benci ya yi tsaki. Aruna Quadri, ɗan Afirka na farko da ya kai kwata fainal a gasar Olamfik, a Rio a 2016, salonsa ba irin na littafi ba ne, ƙarfinsa yana ga bugun gaban hannu, kuma da shi ya kai inda ya kai.

Na biyu kunya ce. Tarbiyyarmu ba ta bari ka katse babba, sai ka yi ta "to, to" kana cizon yatsa a ciki. Gyaran shi ne ka riga shi magana. Akwai wani dattijo da ba ya bari ƙwallo ta faɗi bai ce wani abu ba. Wata rana kafin mu fara na ce masa, "Baba, yau abu ɗaya nake koya, mayar da ƙwallo sau ashirin ba ta faɗi ba. In mun tashi zan zo ka faɗa mini abin da ka gani." Ya ce, "Madalla, ɗana." Ya zauna yana ƙirga mini. Ban rage masa girma ba, na dai sa masa lokaci. Ga sa'anka kuwa, "Abokina, bar ni in yi kuskurena tukuna" ta wadatar. Wanda zai kama maka hannu, ka ja da baya ka ce ya nuna da nasa.

Sai masu wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, waɗanda haushin shawara ke sa su toshe kunne har ga doka. Riƙo da tsayuwa ra'ayi ne, sabis kuwa, wato bugun da ake fara neman kowane maki da shi, doka ce. Ƙwallo za ta zauna a buɗaɗɗen tafi, ka cilla ta sama aƙalla santimita 16, ka buge ta tana saukowa, a bayan ƙarshen tebur, ba tare da ka kare ta da jiki ko hannu ba. Tun 2001 wasa a maki 11 yake ƙarewa, ba 21 ba, ana karɓa-karɓar sabis bayan kowane maki biyu, in an yi 10 da 10 sai wani ya ba da tazarar biyu. A teburin unguwa har yanzu za ka tarar ana buga 21, ba laifi, amma in aka ce sabis ɗinka daga cikin yatsu yake fita, karɓi gyaran nan take. Hannu in ya saba da shi, raba su aiki ne.

Lokacin zuwa ma ana kuskurensa. Bayan la'asar tebur cike yake, wanda ya ci shi ke zama, sabon shiga minti uku zai yi a kore shi, ga bakuna goma a kansa. Nemi abokin koyo ɗaya, ku je da hantsi ko bayan asuba, ku yi rabin awa ba ƙirgen maki. Ku lura da iska: ƙwallon giram 2.7 ce kacal, in hunturu ya kankama a Katsina iska ke buga ta, ba kai ba. Ku ja teburin jikin katanga ko ku nemi na cikin ɗaki. Bat mai tsada kuma a bar shi tukuna, robarsa tana da tsalle, sai ta ƙara watsa maka bugu.

In ka sallami masu gyara, dole ka samo wa kanka ido, don gwano ba ya jin warin jikinsa. Jingina waya a kan kujera ta gefen tebur, ta ɗauke ka minti biyar. Ni a hoton farko na ga ƙafafuna a haɗe, gwiwa a miƙe, ina miƙa hannu ina bin ƙwallo maimakon in matsa. Cikin masu gyaran nan uku ba wanda ya kalli ƙafata, duk hannu suke kallo. Da wayar na je wurin dattijon nan na nuna masa, na tambaye shi abu ɗaya: ina zan ajiye ƙafar dama? Ya miƙe, ya tattare babbar rigarsa a kafaɗa, ya tsaya ya nuna mini.