Darasi na 9: Takarda a aljihun Baba

A karanta labarin nan sau biyu, na farko a zuci, na biyu a fili.

Wata shekara cikin watan Disamba muka tashi daga Kano zuwa Jos, ni da mahaifina, za mu bikin 'yar yayata a Unguwar Rogo. Baba ya haura shekara 70, kuma yana da hawan jini. A tasha na ce, "Baba, kun ɗauko maganinku kuwa?" Ya ce, "Don kwana biyar? Ai na samu sauƙi." Na yi shiru. Wa zai tsaya jayayya da mahaifinsa a gaban mutane? Muka bi ta Tudun Wada, muka ratsa dajin Falgore, muka wuce Saminaka da Jengre, la'asar ta yi mana a Jos.

Wanda bai taɓa kwana a Jos da hunturu ba bai san sanyi ba. Garin yana kan tudu, tsayinsa daga gaɓar teku ya kai mita 1,200, kuma sanyi yakan sa jijiyoyin jini su tsuke, awon jini ya ƙara hawa. Ga gajiyar mota, ga hayaniyar biki, ga abinci mai gishiri, ga ba magani.

A rana ta uku, da asuba, Baba ya fito alwala sai buta ta suɓuce daga hannunsa na dama. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi. Na ce, "Baba, lafiya?" Ya buɗe baki, maganar ta fito a cakuɗe kamar harshensa ya yi nauyi, gefen bakin ya karkace. Gwaggo ta fito da salati tana cewa, "Iska ce ta buge shi! A kira malam, a kawo rubutu." Yaya ta tafi ɗebo ruwa. Ɗanta, yaro ɗan sakandare, shi kaɗai ya duba agogon waya, ya rubuta a bayan katin biki: 5:40.

Maƙwabci ya fito da motarsa. Da muka isa asibiti likita ta yi mana tambaya uku. Ƙarfe nawa abin ya fara? Yaron ya miƙa kati. Yana da ciwon suga? Muka kalli juna. Wane magani yake sha? Na ce, "Wata 'yar ƙwaya ce fara." Ta ce, "Malam, yawancinsu farare ne." Sai da na kira matata a Kano ta lalubo kwalin a ƙarƙashin matashinsa, ta ɗauki hoto ta turo ta WhatsApp. Baba ya tashi, alhamdu lillahi, amma hannun ya daɗe ana gashi kafin ya iya riƙe cokali.

Abin da ya sami Baba

Sunansa shanyewar ɓarin jiki. Iri biyu ne. Ko dai jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta toshe, ko ta fashe. Hawan jini shi ne babban mai jawo shi, kuma hawan jini ba ya sallama: mutum yana iya jin garau alhali awonsa ya wuce 140 bisa 90. Saboda haka "na samu sauƙi" ba dalilin ajiye magani ba ne. Sauƙin ma maganin ne ya kawo shi.

Ba sai likita ba, kowa zai iya gwada abu uku. Ka ce ya yi murmushi, ka ga ko baki ya karkace. Ka ce ya ɗaga hannu biyu, ka ga ko ɗaya yana sauka da kansa. Ka ce ya faɗi sunansa da na garinsu, ka ji ko maganar ta fita daidai. Ɗaya kawai ya isa a nemi mota. Ko da abin ya wuce bayan 'yan mintuna, a je, domin sau da yawa gargaɗi ne, babban yana tafe.

Me ya sa likita ta fara da tambayar lokaci? Akwai allurar da ke narkar da gudan jinin da ya toshe jijiya, amma a asibitin da ake da ita ma, cikin awa 4 da rabi na farko ake yin ta. In an ce "da safe ne," ba a faɗi komai ba. In kuma tashi ya yi daga barci da abin, a rubuta lokacin da aka gan shi lafiya na ƙarshe.

A nan zan ɗan tsaya kan maganar Gwaggo, don a kowane gida akwai mai faɗinta, kuma don ƙauna take faɗi. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti, a yi ta a cikin mota. Amma kada a ɗura masa komai a baki, ko ruwa, ko kunu, ko rubutu, ko zuma. Wannan ciwo yakan taɓa maƙogwaro, mutum ya kasa haɗiya, abin ya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu. Kada kuma a aika kemis a sayo asfirin. In jijiya fashewa ta yi, asfirin ƙara zubar jinin zai yi, kuma hoton ƙwaƙwalwa ne kaɗai ke bambance toshewa da fashewa. In hankalinsa ya gushe ko yana amai, a kwantar da shi ta gefe, a sassauta wuyan riga, a cire haƙoran roba in yana da su.

Mai ciwon suga shi kuma nasa daban. A gidan biki abinci ba ya fitowa a kan lokaci, tsoho ya sha ƙwayarsa da safe, har azahar bai ci komai ba. Sai ka ga gumi, da rawar jiki, da maganar da ba kai. Sugan ne ya faɗi. In idonsa biyu kuma yana haɗiya, a dama masa sukari cokalin shayi 3 ko 4 a ruwa, ko a ba shi rabin kwalbar lemo mai zaƙi, ya biyo da abinci. In ya suma, ba a ba shi komai, sai asibiti. Ciwon ƙirji mai danna mutum kamar an ɗora dutse, da numfashi sama-sama, shi ma ba a jiran gari ya waye.

Wani abu na Jos: kada a kai wa tsoho kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga don sanyi. Gawayi yana fitar da iskar da ba ta da wari, tana kashe mai barci. A ƙara masa bargo da safa.

Ina za a nufa?

Baƙo ya tambayi masu gida tun ranar da ya sauka: wane babban asibiti ne ya fi kusa, wa ke da mota a layin, mece ce lambarsa? A Jos akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, wato JUTH, a Lamingo, akwai Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, akwai na Jami'ar Bingham wanda aka fi sani da Jankwano. In an isa, a nemi sashen gaggawa kai tsaye, ban da bin layin yankar kati. Lambar neman agaji ta ƙasa ita ce 112, kyauta ce, amma ana kira ana neman mota, ba a zauna jira ba.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Duk da haka hoto da gwaji da magani suna cin kuɗi. A ganina 'yan'uwa su tara abin da Allah ya hore a hannun mutum ɗaya, shi ya riƙe rasit, ya rubuta shiga da fita. Na ga zumuncin da ya lalace a bakin gadon asibiti kan "wa ya biya, wa bai biya ba." Mai katin inshorar lafiya ya tafi da shi. Ranar sallama kuma a roƙi likita takardar bayani da za a kai wa asibitin gida, a tambaye shi yaushe tsoho zai iya doguwar mota.

Kalmomin darasi

A rubuta kowace sau uku, a lura da baƙaƙe masu lanƙwasa: ɓari, ƙwaya, ƙwaƙwalwa, haɗiya, gaggawa, jijiya.

Lissafi

Inna za ta yi kwana 10 a Bukuru wajen 'yarta. A ƙara mata kwana 4, don baƙo bai san ranar da za a sake shi ba. Tana shan maganin hawan jini ƙwaya 1 a rana, na suga ƙwaya 2 a rana. Ƙwaya nawa za ta ɗauka na kowanne? In kati ɗaya yana da ƙwaya 10, kati nawa za a saya na maganin suga?

Aikin rubutu

Tun daga waccan tafiya Baba ba ya fita gari sai da takarda a aljihun gaban rigarsa, a naɗe cikin leda. Kowa zai rubuta irinta domin tsohon gidansu. A sama sunansa da shekarunsa. Sai ciwon da likita ya ce yana da shi. Sai sunan kowane magani, a kwafe shi baƙi bayan baƙi daga jikin kwali, har da lambar da ke gefensa, misali Amlodipine 10mg, ɗaya da safe. Sunayen suna da wuyar karantawa, ba komai, kwafa aka ce. A sa har na gargajiya in yana sha, da maganin da jikinsa ba ya so. A ƙasa lambar waya ta mutum biyu, ɗaya a garinku, ɗaya a garin da za a je. A bar layi guda babu rubutu, a gabansa a sa: Lokacin da ya fara.

A zo da takardar da kwalayen maganin a darasi mai zuwa, za mu duba su tare ɗaya bayan ɗaya.